Gaisuwa a Cikin Taram

Ko zan manta komai na zaman Faransa, ba zan taɓa mantawa da ranar da na je neman auren Ramatu ba.

Ni Bazazzagi ne, ina koyar da Turanci a Lyon. Ita kuwa 'yar Damagaram ce, kuma aurenta yana hannun kawunta, Alhaji Mamman, da ke La Courneuve. Tun kafin in taso ta ja mini kunne: "Kawu fa ya ce 'yan bokon Najeriya ba su iya gaisuwa ba. Don Allah kar ka ba ni kunya." Na ce ta kwantar da hankalinta, ai gidan ladabi na fito.

Na sha babbar riga, hannun dama ledar goro, hagu dabino da turare. Ina shiga taram, ɗan jirgin ƙasan cikin gari da ke zuwa unguwarsu, sai ga Alhaji zaune, sak hoton da ta nuna mini. Mai hankali zai bari a sauka. Ni kuwa (Allah Ya shirye ni) na ce ga damar da zan wanke 'yan Najeriya gaba ɗaya. Na kutsa cikin Turawa, na zube gabansa a tsugune, ban dafa komai ba.

"Barka da yamma, Alhaji, mun same ku la..."

Direba ya taka birki.

Akwai wata kalmar Turanci, wobble, da nake yi wa ɗalibai burga da ita. Nakan ce ana jin daga wani karin Jamusanci ta samo asali, tana nufin tangaɗi, ko rawar murya, ko mutum ya rasa tsayawa kan shawara ɗaya. Wallahi duk ukun na haɗa a lokaci guda. Na yi gaba, na yi baya, ina shawarar in saki goro ko in saki kaina. Ƙarshe na saki duka. Kaina ya faɗa cinyar Alhaji, na cafko aljihun rigarsa ya yage ƙeet, goro ya bi ƙarƙashin kujeru. Wata tsohuwar Baturiya ta hau yi mini fifita da jarida tana kiran a taimaka, wai na suma. Da ma suman na yi!

Alhaji ya dubi aljihunsa, ya dube ni.

"Kai ne na Ramatu?"

Na ce e, da wata 'yar murya kamar ta ɗan akuya.

Kafin mu isa gida, ni kam na riga na yi sallama da auren a zuciyata. Sai da aka ci tuwo ya ce, "Tun zuwana ƙasar nan ba yaron da ya taɓa durƙusa mini a bainar jama'a. Ka turo manyanka."

Kunyar dai ba ta sake ni ba har yau. Na koyi cewa ladabi ma yana son a dubi inda ake tsaye. Kuma duk sanda na je gaishe shi, ina fara sunkuyawa sai ya dafe aljihu ya ce, "Dakata, Malam, bari in riƙe wani abu tukuna."