Rasuwar Marainiya, Sandar Jirgina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, hannu kuma ba abin da zai iya, ni Motaleb masunci na tsibirin Bola nake sanar da rasuwar sandar jirgina, mai ɗauke da ƙyallen da iska ke tura jirgin da shi, wadda ta karye ranar Talata da hantsi a tsakiyar kogin Megna, tana da shekara goma sha tara.

Masunta suna kiranta Marainiya, don ita kaɗai ce a gaɓarmu take tsaye da ƙafarta, ba igiya ko ɗaya da ta riƙe ta. Ranar da kafinta Horipodo ya kafa ta, maƙwabcina Sobahan ya ce in yi wasiyya kafin in shiga ruwa.

Marigayiya mai haƙuri ce. Idan guguwa ta taso sai ta ranƙwafa, ta zubar da iskar, ta miƙe tana ƙiii, ƙiii. Taru bai taɓa sarƙewa a jikinta ba. Da 'ya'yana suka tafi aikin masaƙa a birnin Daka, kafaɗata ta dama kuma ta mutu, Marainiya ce ta sa nake iya ɗaga ƙyallen iska ni kaɗai, da hannu ɗaya.

Ba zan yi mata ƙarya ba. Tana da nauyi, ta cinye rabin gaban jirgi, kuma in iska ta fuskance mu sai kowa ya riga mu kai kifi kasuwa. Duk wahalarta a gindi take tarawa, inda ido ba ya gani. Can ruɓewa ta ci ta, ban sani ba.

Ta bar ƙyalle mai faci bakwai, da jirgi, da ni. Horipodo ya rasu bara, ɗansa injin jirgi kawai yake gyarawa. Sanda mai igiyoyi kuwa mutum biyu take so.

Matata Rahela ta dube ni ta ce, "Baban Shefali, gara da ita ce ta tafi, ba kai ba." Ban musa ba.

Za a yanka gawar gida uku ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Rahela ta riga ta kama biyu don rumfar kabewa, na ukun na murhu ne. Masu ta'aziyya kada su je gida. Za su same ni a bakin ruwa, zaune cikin jirgin, daga safe har la'asar, ranar nan da sauran ranakun.