Ranar da Na Ba Manoma Haƙuri Saboda Ruwan Sama

Na manta abubuwa da yawa a rayuwa, amma ba zan taɓa mantawa da ranar rabon kyaututtuka a makarantar da nake koyarwa a Kiru ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

A shekarar, ruwa ya ɗauke bayan an yi shuka. Masara ta fara murɗewa, har gari ya fita roƙon ruwa. Ni kuwa damuwata daban ce. Ni aka ba aikin gabatar da taro, kuma shugaban ƙungiyar iyayen yara shi ne Malam Audu, mahaifin Hadiza, wadda nake shirin tura magabatana neman aurenta. Na ƙudurta sai ya san ba hannun ƙaramin mutum 'yarsa za ta shiga ba.

Ana tsakiyar taro hadari ya taso daga wajen Tiga. Iska ta yaye rumfa, ruwa ya ɓarke, kowa ya ruga cikin aji. Dattawa sai hamdala suke yi, wani tsoho ma ya ƙi shigowa, ya tsaya cikin ruwan yana hawaye. Ni duk ban damu da wannan ba (ina can ina kare farar shaddata). Na gyara murya, na ce, "We apologise for the inclement weather." Kalmar nan ta "inclement" tun ina jami'a nake ajiye da ita, ban sami inda zan kashe ta ba sai ranar.

Malam Audu ya juya wajen abokin aikina, Malam Sabi'u, ya ce, "Me yaron nan ya ce?"

Mutumin da muke cin abinci kwano ɗaya, maimakon ya rufa mini asiri, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, cewa ya yi ku yi haƙuri da mugun yanayin nan da ya ɓata mana taro." (Ni ban ce ya ɓata taro ba. Daga aljihunsa ya ƙara wannan, kuma har gobe ban yafe ba.)

Malam Audu ya dube ni ya ce, "Malam, ruwan da muka fita muka roƙa, a kansa kake ba mu haƙuri?"

Na ce, "Baba, ai haka ake faɗa a Turance."

Ya ce, "To, Turawa ne suka yi shuka a Kiru?"

Aka fashe da dariya, har da ɗalibaina, marasa kunya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da kawunnaina suka je neman auren, bai hana ba. Cewa ya yi in fara zuwa gonarsa in yi damina guda, in ga mugun yanayin da idona. Haka na ƙare hutuna a duƙe da fartanya, hannayena duk kanta, ruwa na dukana, Sabi'u yana wucewa a babur yana yi mini sannu da aiki. Sai bayan kaka aka ba ni Hadiza.

Yanzu ko kwanon ɗakina iska ta ɗauke, in aka tambaye ni ya ruwa, cewa nake yi ruwa ya yi gyara, kuma da Hausa.