Sawun da Ke Gudu a Hawa na Shida

Matso kusa ka ji, don ba labarin da nake son ɗaga murya a kansa ba ne. Ko zan manta komai na zamana a Dubai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na fito da mutanen bene guda kan titi da tsakar rana ba.

Ni mace ce mai son ɗaki. Tun da Alhaji ya ɗauko ni daga Kano ya ajiye ni a unguwar Muraƙƙabat, daga kicin sai gado sai waya. Shi yana Naif wajen sarin takalma, ko Jebel Ali wajen loda kontena. Boko ban yi nisa ba, amma Allah Ya ba ni kunne (ko cokali ya faɗi a maƙwabta, zan gaya maka na shayi ne ko na miya). Filat ɗin rabawa muke da Anti Memuna, 'yar Zangon Ghana mai aiki a otel. Ranar da na iso Alhaji ya ja mini kunne: "Hajiya, ɗakin nan da ƙyar na same shi. Manajan benen ba ya son fitina. Laifi ɗaya, khalas, shi ke nan, sai waje."

Muna hawa na biyar. Na shida a rufe yake, an kwashe mutane za a yi gyara, lifta ma ba ta tsayawa can. To wata rana bayan azahar, lokacin da gari ke yin tsit kamar an share mutane, sai na ji sawu a saman kaina. Ba tafiya ba, gudu. Ƙafa ba takalmi, ɗaf, ɗaf, ɗaf. Ya wuce ta kan ɗakinmu, ya yi nisa har ya ɓace, can kuma ya sake ɓullowa ta ɗaya gefen. Na kashe murhu na ƙirga. Sau ashirin da huɗu ya wuce, sai na ji ƙararrawa, siririya, sau ɗaya. Gudun ya ƙaru kamar an biyo shi. Ya zagayo na ashirin da biyar, ya tsaya daidai kaina. Sai numfashi. Sai shiru.

Washegari haka. Jibi haka. Ba ya ƙari, ba ya ragi.

Na gaya wa Alhaji, ya ce, "Injin sanyaya ɗaki ne." Na ce, "Alhaji, inji yana haki?" Anti Memuna ta yi dariya ta ce, "Maman gida, ki fita ki sha iska shwayya, ko kaɗan ne, zaman ɗaki ya fara yi miki magana." Su duk ba sa nan da rana. Ni kaɗai ake bari da abin. Kuma kowa ya san wa ke yawo da tsakar rana a gidan da ba kowa. Har na daina zubar da ruwan zafi a kwatami, kada in ƙona ɗan wani.

Da na cika sati biyu ba barcin rana, sai na buɗe ƙullin da Innata ta sa mini a akwati: tazargade, habbatus sauda, da wata saiwa da ban san sunanta ba. Na ƙara barkono kaɗan don abin ya ji a jikinsa (kaɗan ɗin nan, Allah Ya yafe mini, cikin tafin hannu ne). Na hura gawayi a kasko, na hau matakala ina karanta duk abin da na haddace. Ƙofar hawa na shida a ɗan buɗe take. Ciki duhu-duhu, wayoyi na reto daga rufi, ga sawun yana tahowa. Na ajiye kaskon, na watsa ƙullin gaba ɗaya a kan garwashin, na ce, "Ka bar mana gida, mu ma baƙi ne!"

Ban san akwai wani ɗan farin abu a rufi mai shinshinar hayaƙi ba.

Jiniya ta ɗauka a kowane hawa lokaci guda. Indiyawa, 'yan Filifin, Larabawa, kowa na gangarowa yana tari yana "Yalla! Yalla!", wato a yi sauri. Wani da tawul, wata da tukunyar shinkafa. Muka cika titi cikin rana. Motar kashe gobara ta iso. Ni kuwa ina tsaye da hijabi mai warin barkono, da murfin kasko a hannuna, na manta ban yar ba.

Can sai ga ma'aikatan sun fito riƙe da aljanina. Dattijon mai gadinmu ne, wani dogon Bahabashe siriri da nake ji kullum yana share bakin ƙofa. Gajeren wando, tsohuwar singileti mai lamba a ƙirji, ƙararrawar keke ɗaure a yatsa, idanu jajur. Bayansa wani jami'i ɗauke da kaskona. Ya ɗaga shi sama ya tambayi na waye. Duk titi aka juyo ana kallon murfin da ke hannuna.

Anti Memuna, da aka kira daga wurin aiki, ita ta fassara mini bayanin dattijon. Ashe da ƙuruciyarsa ya wakilci ƙasarsa a gasar duniya, tseren maza na mita dubu goma, zagaye ashirin da biyar. Irin tseren da har yau masu abin ke ba da labarinsa. Na gaba sun yi masa fintinkau har sun zagayo sun wuce shi. Da aka kaɗa musu ƙararrawar zagayen ƙarshe, ya ɗauka har da shi. Ya zage ya ƙure gudu, ya tsaya, ya ɗaga hannu, saura zagaye guda bai sani ba. Aka rubuta bai gama ba. Shi ne da ya ga hawa guda ba kowa, yake zuwa kullum yana gamawa.

Manaja bai ko ɗaga murya ba. Ya karɓe makullin hawa na shida daga hannun dattijo, mu kuma ya ba mu sati guda mu tashi. Alhaji bai yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Abin da ya ce kawai, "Hajiya, kin kori aljani, kin haɗa da mu."

Ranar tashinmu na dafa tuwo da miyar kuka na kai wa dattijon, Anti Memuna na tsakani. Na ba shi haƙuri, na ce kullum ina ƙirga masa, bai taɓa rage ko ɗaya ba. Sai ya ce, "Da ke ce a bakin fili ran nan, da na gama."

Yanzu muna wani ɗan ɗaki a Naif, saman masu ɗaure kaya, inda ko tunaninka ba ka ji. Na dai koyi cewa kunne sawu yake ji, ba ya ganin mai ƙafa, kuma kafin ka yi wa maƙwabci hayaƙi gara ka fara yi masa sallama. Amma tsakaninka da Allah, kai kaɗai a ɗaki, rana tsaka, ana gudu a saman kanka a gidan da aka ce ba kowa, sallamar za ka hau ka yi?