Ranar da Inji Ya Ramar Mini da Ɗiya

Ba zan taɓa mantawa da abin da na aikata a biro, wato ofishin asibitin mishan ba, can ƙarshen shekarun casa'in, ina da goyo. Ɗiyar fari ce, don haka ba za ku ji sunanta a bakina ba. Gaban mutane ko kallonta ba na yi, amma ko atishawa ta yi sai in kwana ina tattaɓa jikinta.

Zuwanmu na farko daga Galma, zawo ya tsotse ta, wuya kamar sillen kara. Malam Yohanna mai aikin biro ya ɗauki hotonta, wai masu taimakon asibiti a ƙasashen nesa za su gani a ordinata, injin nan da ake kira kwamfuta. Ta warke, kumatu suka fito. Ya sake ɗaukarta, ya ce in dawo in ga sabon.

Na koma ranar kasuwa (har da sabon zane). Biro cike da ma'aikata. Malam Yohanna yana danna injin, hoto ya fito a gilashinsa: idanu a zurme, haƙarƙari a waje.

To, ni na san injin da ya leƙa ƙirjin maigidana ya gano ciwon da ido bai gani ba. Na ce shi ke nan, wannan ma cikinta ya leƙa. Na zube ƙasa, hannu a ka. "Wayyo ɗiyata! Ciwon bai hita ba! Malam, ku kwantar da mu!"

Ita kuwa tana bayana tana gwaguyar ƙosai.

"Tashi, malama," in ji Malam Yohanna yana danne dariya. "Injin ga raggo ne. Hoton da ya taɓa ɗaukowa aje shi yakai. In an kira sunan, na ajen yake miƙowa, ba ya zuwa biɗar sabo. Ni kuma suna guda na ba hotunan biyu."

Ya sake wa sabon hoton suna, ya danna. Muka jira, sai ga kumatu suna saukowa sannu-sannu, sun cika gilashi.

Wata tsohuwar ungozoma ta riƙe haɓa. "Ke yarinya, ɗiyar fari kike ma wannan kururuwa? Ina kunyar? Kuma bayanki bai gaya miki nauyinta ba?"

Tun ranar, sai na jinjina goyona kafin in yarda da gilashi. Inji dai, da aka sauya wa sabon suna, ya saki tsohon hoto. Ma'aikatan nan kuwa, har yarinyar ta shiga lakwal, makarantar boko, in na shigo nawa tsohon hoton suke fiddowa: "Ga mai wayyo ɗiyata nan!"