Gemu Sai Ruwa Ya Dawo

"Lafiya lau, angona. Ina na'ana'ar da na aike ka?"

Halluma tana zaune a tsakar gida, hantsin birnin Kairawan ya kwanta a kan tulunanta busassu. Jikanta Nizar ya tsaya yana sosa haɓa. Shi ya rantse gaban 'yan unguwa ba zai aske gemu ba sai ruwa ya dawo famfunansu, yau kuma zai yi muhawara a talabijin. Ya zaro reza daga aljihu.

"Reza na sayo, tsohuwa. Jiya a jarida sun ce ni mai tsattsauran ra'ayi ne. Gemun suka gani."

"Wannan ɗan tsiron? Ai akuyata ta fi ka tsattsauran ra'ayi, a kama ta tukuna!"

"Masu gemun kuma sun ce ni ɗan gurguzu ne, wai ina tara talakawa."

"Sai ka aske rabi, kowa ya samu nasa."

"Ke me kika sani a siyasa? Da aka gina ganuwar garin nan ke kika kai wa magina shayi."

"Na kai, kuma babu wanda ya karya rantsuwa a cikinsu. Ni da kake gani, na lulluɓa sun ce baƙauya, na yaye sun ce ta lalace. Da kowane suna zan bi, da yanzu fatata ma na tuɓe."

"Da an gudu daga unguwar."

"Ja'iri! Yanzu in ka fito da haɓa sumul kamar ƙwan da aka ɓare, me matan layin nan za su ce? Masu ɗauko jarka tun daga bakin kasuwa?"

Nizar ya dubi tulunan.

"In abokin muhawarar tawa ma ya ce mini mai tsattsauran ra'ayi fa?"

"Ka ce ƙwarai, ƙishirwa ce ta tsananta. Ka kama gemun ka ce ga tsawon alkawarin da aka yi mana, a zo a auna."

Dariya ta ƙwace masa har ya dafa bango. Ya durƙusa ya ajiye rezar a tafinta.

"Kin ci, amarya. Ga sadakinki."

Halluma ta ƙulle ta a gefen mayafi, ta rangaɗa guɗar da ta tashi tattabarun soro.

"Ranar da famfo ya yi tari, ni zan aske ka a tsakiyar titi. Tashi ka kawo mini na'ana'ata."