Na Shayin Ɗan Rakiya a Arfa

Zaman Makka ya koya min cewa duk mai nuna maka dutse yana murmushi, aljihunka yake kallo. Shi ya sa ranar da na raka baƙinmu na Kano ziyara Arfa, na sa wa wani dattijo ido. Tun daga unguwar Ka'akiyya yake tsaye a bas yana bayanin wuraren tarihi, yana raba ruwan sanyi, yana ta kirana "ɗan'uwa". Na ce a raina, wannan ya ƙware.

Muna sauka, kafin ya tatsi baƙina, na dunƙule 'yan riyal na cusa masa a hannu.

"Ga na shayi, malam. Halas, shi ke nan, kar ka roƙi kowa komai."

Ɗana Sabi'u ya dafe kai. "Baba, mahaifin Maryam ne fa! Shi ya biya bas ɗin."

Maryam kuwa ita ce yarinyar da za mu je nema masa.

Da ƙyar aka ɗaura auren. Har yau in na je gidan surukin nan, sai ya nuna min wurin zama ya ce, "Alhaji, wannan kujera ce, mai tsohon tarihi," sannan ya miƙo hannu yana jiran na shayi.