Ragon Layyar Modibbo a Hannun Ɗalibin Tattalin Arziki

Ina neman afuwar mai karatu tun daga farko. Da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci, har yau alƙalami yana rawa a hannuna. Duk wanda ya ga kuskure ya taimaka ya gyara mini, Allah ya saka masa da alheri.

Wani ne, ɗan farin wani Bafulatani mai suna Modibbo da ke zaune a Tirwun, ya sami gurbin karatun tattalin arziki a jami'a. Zango ɗaya ya yi, ya dawo gida hutun Babbar Sallah da tabarau, alhali idonsa lafiya lau.

Ranar da ya sauka, mahaifiyarsa Bintu ta dama masa fura da kindirmo. Ya kurɓi ludayi ɗaya, ya gyara zama.

"Inna, a iliminmu an tabbatar cewa ludayi na biyu ba ya kai na farko daɗi, na uku kuwa ya fi lalacewa."

"Ashe?" in ji ta. Ta janye ƙwaryar. "To tsaya a na farkon, kada a cuce ka."

Akwai wani rago da Modibbo ya shekara yana kiwatawa da dusa da harawa domin layya. Ana jibi Sallah ya tafi ruga gaida 'yan'uwa, ya bar wa ɗan nasa amanar ragon. Mutumin naku ya tsaya ya ƙare wa ragon kallo, ya yi ta girgiza kai don tausayin jahilcin mutanen gidansu. Washegari ya ja shi zuwa kara, kasuwar dabbobi, ya sayar wa wani soja daga barikin Shadawanka, ya dawo yana fito.

Ranar Sallah aka sauko daga Idi. Modibbo, wanda daga ruga ya zarce masallaci, ya tuɓe babbar riga, ya wasa wuƙa. Maƙwabcinsa Mansir ya shigo domin taya shi fiɗa. Bintu ta riga ta ɗora tukunyar suya. Aka je turke, sai igiya.

Modibbo ya dubi ɗansa. "Kai, ina ragon?"

"Baffa, kwantar da hankalinka. Na ceci gidan nan daga asara."

Ya tsuguna, ya ɗauki tsinke, ya ja layi biyu a ƙasa, suka gicciye.

"Wannan layin masu nema ne, wannan na masu sayarwa. Jiya kowa yana neman rago, farashi ya hau. Mako mai zuwa babu mai nema, zai faɗi warwas. Da kuɗin ɗaya sai mu sayi biyu."

Mansir ya ce, "Ɗan nan, ai kwanakin yanka uku ne kacal."

"Baba Mansir, mu a aji muna ƙaddara cewa sauran al'amura duk suna tsaye cik, ba sa motsi."

"Har da kwanakin Sallah?"

"Har da su. Ga shi nan a zane, komai ya fito sarai. Wannan zanen, Baffa, daidai yake da rago biyu."

Modibbo ya daɗe yana duban layukan. Ya gwada kaifin wuƙar a babban yatsansa, ya naɗe hannun riga.

"Mansir, riƙe mini ƙafafun zanen nan, mu fuskantar da shi alƙibla."